Bikin naman alade a ƙasar Hungari: Abin da na gani da abin da ya shafe ka

Na san da ganin kanun nan wani zai yamutsa fuska ya ce, mu da ba ma cin wannan dabba, ina ruwanmu da bikinta? Ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni. A yau 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama suna karatu a ƙasar Hungari, musamman a Jami'ar Debrecen inda 'yan Najeriya ke cikin ɗaliban waje mafiya yawa, wasu da kuɗin iyayensu, wasu kuma da tallafin karatu na Stipendium Hungaricum da gwamnatin ƙasar ta ƙirƙiro a 2013. Duk wanda ya tura ɗansa can, to ya tura shi ƙasar da alade ke cikin tukunya, yana cikin kayan fulawa, yana cikin lissafin watannin shekara, har cikin zumuncin maƙwabta yana nan. Ni kaina na yi hunturu biyu a gabashin ƙasar ina ƙaro karatu a fannin lafiyar al'umma, kuma sai da na san abin da suke kira disznótor sannan na fara gane mutanen da irin cututtukan da ke kwantar da su.

Ana furta kalmar "disnotor", ma'anarta walimar yankan alade. "Tor" ɗin da ke ƙarshe ita ce dai kalmar da suke kiran abincin da ake ci in an dawo daga binne mamaci. Lokacinta hunturu ne, daga wajen 30 ga Nuwamba, ranar da Kiristocin ƙasar ke tunawa da Andarawas manzo, har zuwa Fabrairu. Dalilin zaɓen lokacin a fili yake. A zamanin da babu firji, sanyin gari shi ne firjin. Babu ƙuda, nama ba ya saurin lalacewa, aikin gona ya ƙare, kowa yana gida.

Tun da duhun asuba dangi ke hallara. Akwai mahaucin da suke kira böllér, wanda sau da yawa ba fawa ce sana'arsa ta kullum ba, manomi ne ko birkila da hannunsa ya faɗa da aikin, amma a wannan rana maganarsa ce doka, mai gida ma bai isa ya musa masa ba. Maza kan fara da kurɓar pálinka, wata barasa mai ƙarfi da suke yi da 'ya'yan itace, wai don sanyi. Sannan su kayar da dabbar, wadda aka shekara ana turka ta har ta haura kilo 150, a yanka, a babbake gashin da karan alkama, ko da wutar gas a yanzu, a kankare, a wanke, a tsaga. Mata suna gefe da manyan tukwanen ruwan zafi, suna yanka albasa da tafarnuwa, suna dafa shinkafa, suna wankin hanji, aikin da kowa ke gudu a duk duniya. Yara kuwa 'yan aike ne, kawo wannan, riƙe wancan.

Ba a yar da komai. Jinin ma sukan tare shi su soya da albasa su karya kumallo da shi. Hanta da huhu da shinkafa a ɗura cikin hanji, shi ne hurka. Tsoka da kitse a niƙa, a cuɗa da gishiri da tafarnuwa da garin jan tattasai da suke kira paprika, a ɗura cikin hanji, a rataye a hayaƙi, shi ne kolbász, ana furta shi "kolbas". Kitsen baya a yanka shi falle-falle a jibge da gishiri, shi ne szalonna. Sauran kitsen a narkar da shi a zuba cikin babbar roba ko tukunyar ƙarfe mai murfi, kamar yadda muke tara kakide bayan Babbar Sallah, shi ne man girkin gidan na shekara. Guntattakin da suka soye suka rage a ƙasan tukunya sunansu tepertő. Abin da ya saura bayan duk wannan, tsofaffi suna dafa sabulu da shi.

Wurin da nake so ka lura shi ne lissafin. Dabba ɗaya ko biyu ce za ta riƙe gida mai mutum shida ko takwas har wani hunturun. Don haka komai da lokacinsa. Hurka ba ta ajiyuwa, a kwanakin nan ake cinye ta. Cinyar da aka banda ana ajiye ta sai bikin Ista. Kolbas mai kauri yana rataye yana bushewa sai lokacin girbin alkama a tsakiyar shekara, sa'ad da maza ke wuni a rana da lauje. Mabuɗin ɗakin ajiya yana hannun uwar gida, kuma ita take yanka wa kowa rabonsa, siririn yanki a kan ƙaton burodi da albasa. Mutumin da ya ci wannan kitse yakan ƙona shi a gona kafin rana ta faɗi.

Sai kuma kóstoló, wato ɗanɗano. Da yamma ko washegari za a jera faranta, kowanne da ɗan kolbas, ɗan hurka, ɗan nama, a ba yara su kai gidajen dangi da maƙwabta da duk wanda ya taimaka. Wanda ya karɓa ya ci bashi, in nasa yankan ya zo zai mayar. Da yake gidaje ba sa yanka rana ɗaya, ta wannan hanya unguwa takan yi wata uku tana cin sabon nama ba tare da kowa ya je kasuwa ba. Wanda ya san watanda da gayya da rabon naman layya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Me ya sa alade, ba saniya ko tunkiya ba, alhali kakanninsu makiyaya ne da suka shigo Turai a kan dawaki? In ka tambaye su, amsar da za su fara ba ka ita ce Turkawa. Bayan yaƙin Mohács na 1526, Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ta mallaki tsakiyar ƙasar, ta riƙe birnin Buda daga 1541 zuwa 1686. Har yau kabarin Gül Baba yana nan a Budapest ana ziyarta, hasumiyar masallaci tana tsaye a garin Eger, babban masallacin Pécs kuma an mayar da shi coci. Abin da mutanen ƙasar ke faɗa shi ne, sojoji da masu karɓar haraji kan kwashe shanu da tumaki su bar aladu, sai talaka ya riƙe abin da aka bar masa. Labarin yana da daɗin faɗa, amma a ganina masara ta fi Turkawa tasiri. Da noman masara ya yaɗu a filayen ƙasar, sai turka alade a bayan gida ta zama hanya mafi arha ta mayar da hatsi da ragowar abinci kitse, a lokacin da kitse ya fi tsoka daraja.

Akwai ma zamanin da yankan ya zama laifi. A farkon shekarun 1950, lokacin mulkin kwaminisanci na Mátyás Rákosi, ba ka isa ka yanka dabbar da ka kiwata da hannunka ba sai da takardar izini, kuma dole ka miƙa wa hukuma wani kaso na man. Wanda ya yanka a ɓoye, abin da suke kira baƙin yanka, yana iya ƙarewa a kurkuku. Shahararren fim ɗinsu mai suna A tanú, wanda Péter Bacsó ya shirya a 1969 hukuma ta hana nuna shi wajen shekara goma, yana ɗauke da irin wannan yanka na ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka taɓa ɗaure kakanka a kansa, da wuya likita ya raba ka da shi da takarda ɗaya.

A farkon shekarun 1980 ƙasar tana da aladu kusan miliyan 10, wato kusan ɗaya ga kowane ɗan ƙasa, kuma kaso mai yawa a bayan gidajen ƙauye suke. Yau ba su kai miliyan 3 ba. Matasa sun koma Budapest, bayan shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2004 wasu sun wuce Ingila da Jamus da Ostiriya. Tsohuwa ita kaɗai ba za ta iya kayar da dabba mai kilo 150 ba. Masu son al'adar yanzu sukan sayi rabin gawa daga mayanka su niƙa a gareji. To a daidai lokacin da yankan ke ficewa daga gidaje ne bukukuwan suka ɓullo a dandalin gari.

Mafi girmansu shi ne bikin kolbas na garin Békéscsaba, ana furta shi "Bekeshcaba", a kudu maso gabas kusa da iyakar Romaniya. An fara shi a 1997, ana yin sa kwana huɗu a ƙarshen Oktoba, dab da hutun ƙasa na 23 ga wata. Garin da ya zama kango bayan yaƙe-yaƙen Turkawa, 'yan ƙabilar Sulobak ne suka sake raya shi daga 1718, kuma salon kolbas ɗin garin, mai yawan paprika da yaji, gadonsu ne. Tun 2010 Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista, shi da na garin Gyula da ke maƙwabtaka da su, ba wanda ya isa ya sa wa hajarsa sunan sai in a yankin ya yi ta.

Na je sau ɗaya tare da abokan karatu, da burodina da cukwi a jaka. Zuciyar bikin gasar cuɗa nama ce. Ɗaruruwan ƙungiyoyi ne a jere cikin zaure da manyan rumfuna, kowace an ba ta nama kilo 10 da hanji, ita kuma ta zo da kayan yajinta da sirrin gidansu. Akwai ƙungiyar dangi, ta ma'aikatan ofis ɗaya, ta 'yan kwana-kwana, ta tsofaffin abokan makaranta, 'yan siyasa ma ba a bar su a baya ba, sun ɗaura gyauton girki ana ɗaukar su hoto. Alƙalai suna zagayawa suna duba tsabta da adon tebur da ɗanɗano. Kiɗa, rawa, barasa, dubun-dubatar mutane, hayaƙin suya kuwa har cikin rigar sanyinka zai bi ka gida.

Wani tebur ne ya tsayar da ni. Dattijo ne da jikansa da bai wuce shekara goma ba. Yaron yana juya hannun injin ɗura nama, kakan yana riƙe da hanjin, yana nuna masa da yatsa yadda ake jin iska ta shiga, da inda za a soka allura a fitar da ita. Uban yaron yana tsaye a gefe da waya yana ɗaukar bidiyo, kuma ko ba a faɗa maka ba ka san bai iya ba. Ilimin ya tsallake shi. Abin da dattijon ya koya a tsakar gida da asuba, hannunsa na daskarewa, jikansa yana koyon sa sau ɗaya a shekara, bayan an sayi tikitin shiga. Ban ga abin dariya a ciki ba. Mutane ne da suka ga wani abu nasu yana sulalewa, suka kafa masa rumfa.

Akwai wasu bukukuwan. A ƙauyen Napkor da ke arewa maso gabas ana gasar mahauta a watan Janairu, inda ƙungiyoyi ke yin yankan tun daga farko har ƙarshe a fili cikin ƙanƙara. A Budapest kuma, a watan Fabrairu, an saba yin bikin mangalica a dandalin Szabadság. Mangalica wani irin alade ne mai murɗaɗɗen gashi, in ka hango shi daga nesa sai ka rantse tunkiya ce. An samar da irin a shekarun 1830 daga wasu aladu da aka kawo daga Sabiya, kuma saboda kitse aka yi shi, kusan kashi biyu cikin uku na jikinsa kitse ne. Da man girki na tsirrai ya shigo kasuwa sai aka yi watsi da shi, har a farkon shekarun 1990 waɗanda suka rage ba su kai 200 ba. Wani masanin kiwo mai suna Péter Tóth ne ya bi ƙauyuka yana sayen ragowar tare da wani kamfanin ƙasar Sifen, a 2004 kuma majalisar dokokin ƙasar ta sa irin cikin dukiyar ƙasa da ake karewa. Abincin talaka na jiya yau shi ne mai tsada a manyan otal na Turai da Japan.

Yanzu bari mu shiga asibiti, domin nan ne abin ya daina zama labarin yawon buɗe ido. Hungari tana cikin ƙasashen da suka fi kowa a duniya yawan masu kamuwa da sankarar babban hanji da masu mutuwa da ita. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ke ɗauke kusan rabin masu mutuwa a ƙasar. Tana sahun gaba a Tarayyar Turai wajen ƙiba, kuma tsawon rayuwar ɗan ƙasar ya gaza matsakaicin na Tarayyar da wajen shekara 4 zuwa 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Binciken abincin da ƙasar ta yi wa kanta ya nuna matansu suna cin fiye da ninki biyu na haka, mazansu kuwa wajen ninki uku. Giram 100 na busasshen kolbas kaɗai yana ɗauke da gishiri kusan giram 4.

Ba zan ɗora wa alade laifin duka ba, domin zalunci ne. Suna shan taba sosai, suna shan barasa sosai, da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Bikin kwana huɗu ma bai isa ya kashe kowa ba. Matsalar tana cikin sauran kwanakin shekara. Abincin da uwar gida ke yankawa da awo ga mai noma, yau yana cike da kantuna, da arha, ba hunturu ba bazara, kuma mai cin sa direba ne ko ma'aikacin ofis da ke wuni a zaune. Aikin ya tafi, mabuɗin ɗakin ajiya ya tafi, abincin ya zauna. Gwamnatinsu ma tana jan igiyar ta ɓangare biyu: a 2011 ta sa haraji na musamman a kan kayan zaƙi da kayan ƙwalama masu gishiri, a 2016 kuma ta rage harajin sayen naman alade daga kashi 27 cikin 100 zuwa kashi 5.

A nan ne mai karatu zai iya gyara zama ya ce, alhamdu lillahi, mu dai an raba mu da wannan. To tsaya. A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Don kada adadin ya firgita ka, ma'anarsa ita ce in mutum 5 cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwarsu, sai su koma wajen 6. Amma cibiyar ba ta ware alade ba. Ta ce duk naman da aka jiƙa da gishiri, ko aka banda, ko aka sa masa sinadarin adanawa, kuma cikin misalanta har da naman sa na gwangwani da busasshen naman sa irin na Afirka ta Kudu da Amurka, wanda ɗan uwan kilishinmu ne na kusa. Hanji bai san halal ba, gishiri da hayaƙi da ƙonannen gefen nama ya sani. Nau'in kitse mai daskarewa da ke toshe jijiya, wanda ake zargin man alade da shi, kusan kashi 40 ne a cikinsa, a manja kusan rabi ne, a man shanu ya fi haka. Ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, kusan rabin kowanne gishiri ne.

Ban ce ka daina tsire ko kilishi ba, ni ma ban daina ba. Na ce ka duba ko abin da mahaifinka ke ci ranar kasuwa ko da Sallah ya zama abin da kake tsayawa saye kowane dare a hanyar gida, kana cikin mota. Masu bincike kan sankara suna ba da shawarar kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, sarrafaffe kuwa kaɗan ƙwarai. Wani abu guda da Hungari ta yi wanda ya dace mu kwaikwaya shi ne, tun 2018 tana gayyatar 'yan shekara 50 zuwa 70 su ba da bayan gidansu a duba ko akwai ɓoyayyen jini, in an gani a leƙa hanjin da na'ura. Mu kuwa duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir, sai a nufi mai jiƙo. Jini a bayan gida, ko canjin yanayin fitarsa da ya wuce makonni, ko rama ba dalili, musamman ga wanda ya haura 45, maganar likita ce. Ga masu karatunmu da addininsu bai hana su naman alade ba kuma, ku sani banda da gishiri ba sa kashe tsutsar da ke ɓuya cikin tsokarsa, sai dahuwa har ciki. Shi ya sa likitocin dabbobi a can ke shawartar masu yanka a gida su kai yankin nama a duba.

Saura maganar yaranmu da ke can, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Na zauna haya a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ina kiran ta néni, kamar yadda za mu ce Inna ko Gwaggo, ita kuma tana ce mini fiam, wato ɗana. Tun ranar da na tare na gaya mata abin da nake ci da wanda ba na ci. A Disambar farko ƙaninta ya yi yanka a ƙauye, ta tafi kwana biyu ta dawo da kwanduna. Ina jin ta tana jera faranta, tana kiran yaran maƙwabta suna kaiwa gida-gida. Can da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofata da faranti a rufe da kyalle. Da ta buɗe, sai ga kwalbar zuma, da kwalbar dafaffen 'ya'yan itace da ta yi da hannunta, da wainar fulawa mai gyaɗar Turai a ciki.

"Ɗana, da man shanu na yi ta, a sabon tire," in ji ta. "Na san ba ka cin wancan. Amma ba a rabon ɗanɗano a tsallake ƙofar da ke cikin gida."

Na ce, "Inna, na gode, Allah Ya saka da alheri." Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo ta ce farantin nata ne, kuma a garinsu ba a mayar da faranti wayam. Ranar Lahadi na mayar mata da shi cike da dafa-dukar shinkafa da kaza. Ta ci tana hawayen yaji, ita da ke alfahari da paprika.

Ka gaya wa ɗanka ko 'yarka wannan. In maƙwabci ya kawo faranti a hunturu, ba tsokana ba ce, shigar da kai cikin unguwa ake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce a faɗi gaskiya tun farko cikin ladabi, kafin ranar ta zo, sannan a nemi abin da za a mayar. Yaron da ya rufe ƙofa ya yi shiru zai shekara shida a garin ba wanda zai leƙa shi in zazzaɓi ya kwantar da shi.

Naman da ake gani a faranti ba shi ne abin damuwa ba, man shi ne. A girkin gargajiya da man alade ake soya albasar farko, da shi ake soya garin da ke kaurara miyar ganye da ta wake. Abincin da ka ga babu nama a cikinsa yana iya zama da shi aka fara. Ƙananan burodin nan masu gishiri da ake kira pogácsa, da ake miƙa wa baƙo a ko'ina, wasu da cukwi ake yi, wasu da tepertő. Akwai kayan zaƙin da ake kira hájas, da kitsen ciki ake murza su. Kolbas ɗin da aka rubuta na kaza ko na talotalo ne ma, sau da yawa akwai kitsen alade a ciki ko kuma hanjin da aka ɗura shi na alade ne, don haka sai an juya bayan leda an karanta. Kalmomin da za a nema su ne sertés da disznó, duka alade ke nan, sai zsír mai, szalonna kitse, sonka cinya. Marha saniya ce, csirke kaza, hal kifi. A gidan abinci tambaya biyu sun isa: "Van benne sertés?" wato akwai alade a ciki, da "Zsírral készült?" wato da man aka yi. Ba sa jin haushin tambayar, ƙasa ce da Yahudawa suka daɗe a cikinta suna girki da man dinya a madadinsa. Akwai shagunan naman halal a Budapest da Debrecen. Ku kuma iyaye, kada ku cusa kilishi ko dambun nama a akwatin yaro, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje, a filin jirgi za a ƙwace, wani lokaci har da tara.

In kuma yaron yana son ya ga yadda mutanen nan ke biki, ya zauna a teburinsu ya ci ba tare da fargaba ba, ya jira watan Yuli ya nufi garin Baja da ke bakin kogin Danub. A can ake jera tukwane sama da dubu a dandalin gari, kowane iyali da tasu a kan wutar itace, ana dafa miyar kifi. Kifi ne da albasa da paprika da gishiri da ruwa, a zuba a kan taliya.